Yadda nake karanta fuskar abu da hasken leza ba tare da na ƙona ta ba

Samfur na farko da na lalata da hannuna wani ɗan guntun ƙarfe ne, faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba, baƙar tsatsa ta rufe samansa. An ba ni shi ne in gano wace irin tsatsa ce. Na ɗora shi a ƙarƙashin madubin na'urar Raman, wadda ke gane sinadari daga hasken da ya warwatso daga jikinsa, na kunna koriyar leza yadda na tarar da ita a saite, na jira daƙiƙa 30. Sai ga ƙololuwa masu kyau sun miƙe a allon kwamfuta, a wajen 225 da 290 da 410. Hematayit ke nan, jar tsatsa. Na rubuta a littafi, har na fara jin kaina. Wata abokiyar aikina da ta girme ni a sana'ar ta leƙo, ta ce in kashe lezar in dubi wurin ta kyamara. A tsakiyar baƙin filin nan akwai ɗigo ja guda ɗaya tak, daidai inda hasken ya sauka. Ashe tsatsar magnetayit ce, baƙa, wadda alamarta ke wajen 670. Zafin lezar ne ya gasa ta a cikin iska har ta rikiɗe ta koma hematayit. Abin da na auna, ni na ƙera shi.

Tun daga ranar, duk wanda aka turo mini in koya wa aikin, da tambayoyi biyu nake fara masa. Wannan alamar da kake gani, daga wane zurfi ta fito? Kuma can take tun kafin ka haska, ko haskenka ne ya haifar da ita? Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanyar amsa waɗannan biyun ne.

Abin da ya sa fuska ke da wuyar sha'ani

Kusan duk abin da ke faruwa tsakanin abu biyu a fuska yake faruwa. Ƙarfe daga fuska yake tsatsa, batir a mahaɗar fuskoki yake tsufa, hayaƙin mota kuma a fuskar ƙwayoyin filatinam yake zama iskar da ba ta da guba sosai. Irving Langmuir ya samu kyautar Nobel a 1932 a kan sinadaran fuska, Gerhard Ertl ya samu tasa a 2007 a kan yadda sinadarai ke haɗuwa a saman ƙarafa. To amma fuskar ba ta da yawa. A murabba'in santimita ɗaya, atam ɗin da ke shimfiɗar sama sun kai kimanin 1 da sifili 15 a gabansa. Adadin yana da ban tsoro a ido, sai dai a ƙarƙashinsu akwai miliyoyin shimfiɗu irinsu, kuma haske ba ya tsayawa a bakin ƙofa. Yana kutsawa ciki, ya dawo da labarin cikin gida, labarin fuska ya nutse a ciki.

Hasken Raman kansa rarrauna ne. Idan ka haska abu, kusan duk hasken da ya warwatso da launinsa yake dawowa. Ƙwayar haske ɗaya ce cikin kimanin miliyan 10 ke barin ɗan kuzarinta ga girgizar molekul, ta dawo da launi da ya ɗan gusa. Wannan gusawar ake aunawa, da ma'aunin cm⁻¹, kuma kowane haɗin atam da tasa lambar, kamar zanen yatsa. C. V. Raman da K. S. Krishnan sun gano haka a Kalkata a 1928, da hasken rana da aka tace suka fara. Sai da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960 sannan hanyar ta samu hasken da ya dace da ita.

Idonka tukuna

Kafin ka taɓa makunni, cire agogo da zobe da duk wani abu mai sheƙi a hannunka. Hasken da ke makanta mutane a ɗakin bincike galibi wanda ya bugi wani abu ya karkato ne. Ido na tattara duk hasken da zangonsa ke tsakanin nanomita 400 da 1400 (nanomita kashi 1 ne cikin miliyan na milimita) a kan tantaninsa na baya, ƙiftawa kuma tana ɗaukar rubu'in daƙiƙa, wanda ya yi wa leza mai aji 3B, wato daga miliwat 5 zuwa 500, yawa ƙwarai. Dubi rubutun da ke jikin tabarau ɗinka. Za ka ga zangon da yake tarewa da lambar OD. OD 4 na rage haske sau 10,000, amma a zangon da aka rubuta kaɗai. Tabarau na koriyar leza ba zai yi maka komai ba a gaban leza mai nanomita 785.

Ita ta 785 ɗin ce ma na fi tsoro. A ido kamar ɗan ja ne mai dishi-dishi, sai mutum ya raina ta, alhali ido ne bai iya ganinta sosai ba. Ta 1064 kuwa ba a ganinta sam, sai da ɗan katin da ke haskawa idan ta sauka a kai. Kada ka sunkuya har idonka ya zo daidai da teburin haske, ko da biro ne ya faɗi. Rufe lezar tukuna. Kada kuma ka leƙa madubi da ido tana kunne. Aikin kyamara ke nan.

Zaɓen launi, wanda shi ne zaɓen zurfi

Yawancin na'urori na zuwa da leza biyu ko uku: koriya mai nanomita 532, ja mai 633, da ta 785. Sababbi kan ɗauka wannan zaɓen son rai ne. Ga abin da ke ciki.

Ƙarfin alamar Raman na ƙaruwa da sauri idan zango ya gajarta, har koriya na ba da kusan ninki 5 na abin da ta 785 za ta bayar a ƙarfi ɗaya. Saboda haka da koriya nake farawa. Matsalarta ita ce tana tayar da ƙyallin samfur, wato abin ya sha hasken ya fitar da nasa annurin, mai ƙarfin da zai binne komai. Za ka gane shi da gani: a maimakon ƙololuwa siraru, sai wani ƙaton tudu ya taso daga hagu zuwa dama ya cika allo. Fenti, da rini, da mai, da kusan duk abin da ya fito daga jikin mai rai suna yin haka. In ka ga tudun nan, koma ta 785.

Amma ka sani, da ka canza launi ka canza zurfin da kake kallo. A cikin silikon, koren haske na shiga kimanin maikiromita 1, wato nanomita 1000, kafin ya mutu. Na 785 na shiga kusan maikiromita 10. Hasken da ya zarce shunayya, mai nanomita 325, a cikin kimanin nanomita 10 na sama yake ƙarewa. Ke nan idan shimfiɗar da kake nema kaurinta nanomita 20 ne a kan silikon, ka kuma haska ta da 785, kusan duk abin da ka kama silikon ɗin ƙasa ne. Na taɓa ganin ɗalibi ya yi mako guda yana neman takurar da ke cikin siririyar shimfiɗa, wadda kan gusar da ƙololuwa, da jar leza, yana mamakin me ya sa ƙololuwar ba ta motsi ko kaɗan. Ba za ta motsa ba, don gindin yake aunawa.

A abu mai ratsuwar haske kamar gilashi ko roba, ƙanƙance ƙaramin ramin da ke gaban na'urar kama haske. Zai tare hasken da ya fito daga sama da ƙasan inda ka saita, ya bar maka kaurin maikiromita 1 zuwa 2. Yana taimakawa, amma maikiromita ɗaya dubban shimfiɗun atam ne. Kada ka rubuta a rahoto cewa ka auna "fuska" da wannan kaɗai.

Silikon da safe

Kunna lezar ka bar ta ta ɗumama minti 20 zuwa 30. Sannan, kafin kowane samfur, ɗora guntun silikon mai tsabta. Ƙololuwarsa dole ta tsaya a 520.7, ko abin da bai fi rabin lamba nesa da hakan ba. In ta kauce, gyara ma'auni. Rubuta kuma tsayinta a littafi kowace rana, da lensi ɗaya, da ƙarfi ɗaya, da daƙiƙa ɗaya. Ranar da ka ga tsayin ya faɗi rabi, madubi ya goce ko lensi ya yi datti, gara ka sani da safe da ka sani bayan ka ɓata yini.

Tsabtar samfur

A nan zan daɗe kaɗan, don nan ne aikin fuska ya bambanta da sauran awo. Yatsa ɗaya da ya taɓa samfur na barin maiƙon da ya fi shimfiɗar da kake nema kauri sau ɗaruruwa. Sa safar hannu marar hoda, ka kama samfur da hantsaki ta gefe. Kada ka yi magana a kansa, kada ka hura masa iska da baki don kawar da ƙura, abin da hannu ke yi kafin hankali ya hana. Idan abu ne mai jure wanki, irin silikon ko gilashi, a wanke da asiton, a bi da aisofurofanol tun asiton bai bushe ba, a busar da iskar naitirojin. Asiton da ya bushe da kansa na barin tabo.

Akwai ruwan wankin da ake kira firana, haɗin asid na salfa kashi 3 da haidirojin feroksayid kashi 1. Yana cinye duk wani maiƙo, yana kuma fashewa idan ya haɗu da asiton ko wani sinadari irinsa. Kada ka haɗa shi kai kaɗai, kada ka haɗa shi kafin wanda ya ƙware ya tsaya a kanka, kuma ba a toshe kwalbarsa.

Ko ka wanke tas, iska ba ta barin fuska haka. A matsin da bai wuce kashi 1 cikin miliyan na tor ba (tor ma'aunin matsin iska ne), wanda a wajen mutane da yawa ya isa a ce an zuƙe iskar ɗaki, daƙiƙa ɗaya ta isa molekul su rufe fuska ruf, idan duk wanda ya sauka ya manne. Shi ya sa masu nazarin fuskar ƙarfe tsantsa ke aiki a cikin tukwanen ƙarfe da aka zuƙe har matsin ya ragu sau dubu goma ƙasa da wancan, su haska ta tagar gilashi. Kai da ke aiki a sararin ɗaki, ka ɗauka a ranka cewa a kan samfurinka akwai siririn ruwa da ɗan maiƙon iska. Kuma a guji ajiye samfur a jakar leda ko a kan roba mai danƙo. Maiƙon silikon na roba, wanda ba shi ne guntun silikon ɗin awo ba, na bin fuska ya manne, ya fito maka a awo kamar sabon abu.

Ƙarfin haske

Ga lissafin da da na yi shi tun farko da magnetayit ɗina bai ƙone ba. Lensi mai ƙara girma sau 100 na tattara koriyar leza a ɗigon da faɗinsa bai kai maikiromita 1 ba. Miliwat 1 kacal a ɗigo irin wannan ya haura wat 100,000 a kowane murabba'in santimita. Rana tsaka tana ba da kimanin wat 0.1. Wato ka ɗora wa wurin zafin rana sau fiye da miliyan. Silikon na jurewa saboda yana kwashe zafi da sauri. Gari baƙi, da roba, da siririyar shimfiɗa a kan gilashi ba su da inda za su kai zafin.

Don haka fara daga ƙasa, kashi 1 cikin 100 na ƙarfin lezar ko ƙasa da haka. Kada ka yarda da lambar da ke allo. Ɗauki ma'aunin ƙarfi ka auna a ƙarƙashin lensi, inda samfur zai zauna. Ɗauki hoton wurin kafin ka haska. Yi awo na daƙiƙa 10. In ba ka ga komai ba, ƙara lokaci kafin ka ƙara ƙarfi, tunda lokaci bai kai ƙarfi saurin ƙona abu ba. Sai ka yi gwajin da nake tilasta wa kowa: auna wuri ɗaya da ƙaramin ƙarfi, ka ninka ƙarfin ka sake, sannan ka dawo ƙaramin ka sake a karo na uku. In na farko da na uku sun zo ɗaya, ba ka yi ɓarna ba. In ƙololuwa ta gusa hagu ta yi faɗi a na biyu sannan ta dawo, wurin ya yi zafi ne kawai, rage. In ba ta dawo ba, ko wata sabuwa ta tsiro, ka gasa shi. Matsa gaba ka nemi sabon wuri. Faffaɗan tuddai biyu a wajen 1350 da 1600 a kan abin da bai kamata ya ƙunshi gawayi ba, sau da yawa toka ce ta abin da ka ƙona.

Misali mai daɗin koyo

In kana da dama, koyi aikin a kan girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin atam ɗaya da Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓanɓaro a Manchester a 2004. A kan silikon mai rufin oksayid na nanomita 300 ana ganinsa a madubi kamar ɗan tabo mai shunayya-shunayya. Riƙe ƙarfi ƙasa da miliwat 1. Za ka ga ƙololuwar G a wajen 1580, da wadda ake kira 2D kusa da 2700. Idan shimfiɗa ɗaya ce, 2D siririya ce, guda ɗaya, ta kuma fi G tsayi. Da shimfiɗu sun ƙaru sai ta yi faɗi ta gajarta ta fitar da kafaɗa. Ƙololuwar D a wajen 1350 na nuna lahani a saƙar atam, shi ya sa takan bayyana idan ka matsa zuwa bakin guntun. Sai dai girafin na shagwaɓa mai koyo, domin yana amsa haske da ƙarfin da ba kasafai ake samu ba. Yawancin shimfiɗu masu kaurin molekul ɗaya ba za su ce maka uffan ba.

Ba duk tsinin da ya fito ne na samfur ba. Wani siriri kamar allura, da ke bayyana a awo ɗaya ya ɓace a na gaba, ƙwayar da ta faɗo daga sararin samaniya ce ta bugi na'urar kama haske. Shi ya sa ake maimaita awo aƙalla sau biyu. Fitilar ɗaki mai dogon kwano na fitar da hasken makuri a nanomita 546, wanda da koriyar leza zai zauna maka a wajen 484 kamar ƙololuwar gaske. Kashe fitila. A dogon awo kuma iskar da ke tsakanin lensi da samfur na sa hannu: oksijin a 1556, naitirojin a 2331. Kullum auna gindin da babu komai a kansa, a ƙarfi ɗaya da lokaci ɗaya.

Idan Raman ya yi shiru

Hanya ta farko ita ce a ƙara wa fuskar murya. A 1974, a Southampton, Martin Fleischmann da abokan aikinsa biyu sun ga alama mai ƙarfin gaske ta wani sinadari mai suna firidin a kan azurfar da aka kakkarce fuskarta. A 1977 ƙungiyoyi biyu, ta Jeanmaire da Van Duyne da kuma ta Albrecht da Creighton, suka nuna cewa ƙarin faɗin fuska bai isa ya bayyana hakan ba. Ƙarin ya kai sau dubu ɗari zuwa miliyan. Ƙananan ƙusoshin azurfa ko zinariya ne ke tattara hasken a 'yan nanomita da ke kewaye da su. Wannan hanyar ita ake kira SERS, wato Raman da fuska ta ƙara wa ƙarfi. Tana da kyau wajen gano ko abu na nan. Wajen faɗin nawa ne yake nan kuwa, ina taka-tsantsan da ita, domin 'yan wurare kaɗan masu zafi ne ke ba da mafi yawan alamar, kuma wuri biyu a samfur ɗaya na iya bambanta sau goma. Auna wurare da yawa, ka kawo dukkansu, har da marasa kyau.

Hanya ta biyu ta fi burge ni, don ita ce ke sa cikin abu ya yi shiru gaba ɗaya. A 1961 Peter Franken da abokansa a Jami'ar Michigan sun harba jar leza cikin kuwaz, dutse mai ratsuwar haske, sai wani ɗan haske mai rabin zangon lezar ya fito. Ɗigon shaidar ya yi ƙanƙanta har aka goge shi wajen buga mujallar, an zaci ƙura ce. Irin wannan haɗuwar haske ba ta yiwuwa a inda kowace kusurwa ke daidai da kishiyarta. A cikin ruwa, molekul na fuskantar ko'ina, abin da wannan ya bayar wancan ya soke. A fuska kuwa sama daban, ƙasa daban, babu mai sokewa. A kan haka Y. R. Shen da ɗalibansa a Berkeley suka gina hanyar SFG, wadda haske biyu ke haɗuwa a fuska su haifi na uku, a 1987, kuma a 1993 suka nuna a fuskar ruwa wata siririyar ƙololuwa a wajen 3700, ta hannayen OH, wato haɗin oksijin da haidirojin na molekul ɗin ruwa, da suka miƙe cikin iska ba su riƙe kowa ba.

A aikace leza biyu kake haɗawa, ɗaya mai ganuwa, ɗaya ta ƙasan ja, wadda ido ba ya gani kuma ake sauya zangonta. Idan ta 532 ta haɗu da ta ƙasan ja mai 3700 a ma'aunin cm⁻¹, abin da zai fito shuɗi ne, a wajen nanomita 444, amma rarrauna ƙwarai, ba za ka gan shi da ido ba. Wahalar ita ce dole su haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Haske na tafiyar milimita 0.3 a fikosakan ɗaya, wato kashi 1 cikin tiriliyan na daƙiƙa, saboda haka bugun leza da ya ɗauki femtosakan 100, kashi 1 cikin 10 na fikosakan, tsawonsa maikiromita 30 ne, bai kai kaurin gashin kai ba. Kada ka fara nema a kan samfurinka, za ka kwana ba ka samu ba. Ɗora madubin zinariya ko kuwaz, waɗanda ke ba da alama mai ƙarfi, ka daidaita ɗigon biyu a kyamara, sannan ka riƙa tura madubin jinkiri, mai daidaita lokacin isowar bugu biyun, a hankali har alamar ta yi tsalle. Sai ka cire zinariyar ka sa samfur a tsayi ɗaya daidai. In ruwa ne, tuna yana ƙafewa, fuskar na sauka tana fita daga saiti. Duba tsayin kowane rabin awa. Tururin ruwa da iskar kabon na ɗaki na shanye hasken ƙasan ja, don haka rufe hanyarsa da akwati ka cika da busasshiyar naitirojin. Da alama ta fito, tare leza ɗaya da kati, sannan ɗayar. In ba ta ɓace a duka biyun ba, ba SFG ba ce.

A littafina, kowane awo na da layi ɗaya: kwanan wata, zangon leza, miliwat da na auna a ƙarƙashin lensi, wane lensi, daƙiƙa nawa sau nawa, inda silikon ya tsaya da safen, yadda aka wanke samfur da awa nawa ya yi a iska kafin awo. Sai lambar hoto biyu, na kafin haske da na bayansa. Guntun ƙarfen nan yana cikin aljihun teburina har yanzu, shi nake fara ɗora wa sabon ɗalibi a ƙarƙashin lensi mai sau 50, in ce ya nemo mini jan ɗigon.